Tantin Rijiyar Dauran

Ranar Talata da hantsi Kamilu ya shigo gida da wata doguwar jaka ruwan lemo rataye a kafaɗa, bakinsa har kunne. Mahaifiyarsa Hajiya Fatimatu tana zaune gindin darbejiya tana tsinkar zogale a faifai, matarsa Nazifa kuma tana wanke-wanke a bakin rariya.

"Inna, an ba ni aikin Dauran," in ji shi. "Rijiya guda ta kwalbati, a unguwar da ke bayan makaranta. Ga ɗakin kwanana ma na sayo."

Kamilu shi ne autan Hajiya, kuma shi kaɗai cikin 'ya'yanta bakwai ya ɗauki sana'ar ubansa. Marigayi Malam Abdulhamid ya fi shekara arba'in yana haƙa rijiyoyi tsakanin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, har laƙabin Mai Rijiya ya danne sunansa na yanka. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Tun daga lokacin ƙananan ayyuka Kamilu yake samu cikin gari, yau yasar tsohuwar rijiya, gobe gyaran bakin wadda ta zube. Ba wanda ya taɓa danƙa masa aiki daga saran farko har ruwa sai wannan karon.

Aikin zai ci mako uku ko huɗu. Zuwa da dawowa kullum ba zai yiwu ba, don hanyar ba ta biyuwa sai rana ta ɗaga, kuma kafin la'asar sakaliya kowa ya nemi inda zai shige. Mai unguwar ya gaya masa gaskiya tun farko cewa babu ɗaki. Duk gidan da ka leƙa cike yake da dangi waɗanda suka baro ƙauyukan daji gudun ɓarayi. Abin da za su iya ba shi fili ne cikin katangar makaranta, shi da abokan aikinsa biyu da buhunan siminti.

Kamilu ya zuge jakar, ya zaro wani abu naɗaɗɗe, ya wurga shi tsakar gida. Abin ya yi fat ya buɗe da kansa, ya tsaya kamar kifaffiyar ƙwarya, yana ƙyalli cikin rana. Nazifa ta saki kwanon da ke hannunta ta tafa.

"Daga Gusau aka kawo shi," in ji Kamilu. "Ba sanda, ba gwafa. Mai shagon ya ce irinsa Turawa ke zuwa hawan dutse da shi."

Hajiya ta aje faifan, ta kakkaɓe zanenta, ta zo ta kewaye tantin sau biyu. Ta murza yadin tsakanin yatsunta. Ta kama ƙoƙon samansa ta ɗaga shi da hannu guda, ta aje. Daga nan ta tuɓe takalma, ta durƙusa da ƙyar saboda ciwon gwiwa, ta rarrafa ciki.

"Zuge mani ƙofar, Auta."

Ya zuge. Shi da matarsa suka tsaya suna kallon juna. Ba a yi minti biyar ba ta buga yadin daga ciki, aka buɗe mata, ta fito fuskarta sharkaf da zufa.

"Ku nawa za ku kwana ciki?"

"Mu uku."

"Da siminti?"

"Siminti a rufa mai leda a waje."

"Shiga ka miƙe tsaye in gani."

Bai shiga ba, don ya san ko ƙirjinsa tantin bai kai ba.

"To in ana ruwa ina za ka yi salla?" in ji ta. "Wanga ba tanti ba ne, madambaci ne. Wanda ya ɗinka shi sanyi yake gudu can garinsu, kai kuwa zafin bazara za ka tara, sannan iskar hadarin farko. Ka ga tsohuwa kamata ta ɗaga shi da hannu guda? Ranar da hadari ya taso sai dai ka je Moriki ka tsinto shi."

Nazifa ta kau da kai tana ƙunshe dariya. Ran Kamilu ya ɗan sosu, don da zumuɗi ya sayo abin.

"Inna, ke kuwa yaushe kika san tanti?"

Hajiya ta dube shi. Ta koma kan tabarmarta, ta jawo faifan, sannan ta ce, "Babban yayanku cikin tanti ya koyi rarrafe."

Kamilu ya san ubansa ya yi zaman daji, amma da ya yi wayo ya tarar da uwarsa cikin wannan gida na unguwar tashar jirgi, bai taɓa ganin ta kwana wani wuri ba. Ranar nan ya fara jin sauran labarin. 'Yar Shinkafi ce, a can aka ɗauko ta aka kawo ta Ƙaura shekarar da ta biyo bayan babban fari, lokacin da gwamnati ta baza mahaƙa ƙauye-ƙauye. Wata uku da tarewa aka tura mijinta Birnin Tsaba. Al'adar masu aikin su bar mata a gida wurin iyaye. Ita ta ce ba ta zauna ba, ƙafarsa ƙafarta. Surukarta ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta gaji ta ƙyale ta. Rani huɗu a jere ta yi tana bin sa, Birnin Tsaba, Gurbin Bore, har Dauran ɗin nan da za a tura ɗanta, sai damina ta sauka su dawo gida.

"Mayar wa mai shago da kayansa tun bai yi datti ba," in ji ta. "Jibi Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci. Za mu wurin kawunka Hamisu."

"Ni dai in je, Inna. Kin san yadda hanyar take."

"Kai da ka sayo madambaci? Shekara shida rabona da garin da anka binne cibiyata. Abin da Allah ya rubuta ko cikin ɗaki yana iske mutum."

Kamilu ya haƙura. Ya san in ta yi wannan muryar magana ta ƙare.

Ranar Alhamis sai wajen ƙarfe goma motocin kasuwa suka tashi daga tasha, a jere, kowace tana bin bayan 'yar'uwarta. Hajiya ta samu gefen taga, Kamilu yana kusa da ita. Da suka fita gari direba ya rage rediyo, masu hira suka yi shiru, wani dattijo a gaba ya ciro carbi. Ƙasa ta bushe ƙayau tana jiran ruwa. Gonakin bakin hanya an yi musu sharar fage, amma waɗanda ke can ciki ciyawar bara ce tsaye a kansu. Sun wuce wani ƙauye da bangayen ɗakuna ke tsaye ba jinka.

Ita kaɗai ce ba ta yi shiru ba. Ta taɓa hannun Kamilu ta nuna masa wata tsamiya.

"Nan motarmu ta taɓa mutuwa. Tsohuwar akori-kura ce cike da siminti, ni ina gaba da goyo. Kwana biyu munka yi ana jiran a kawo ƙarfe daga Gusau. Babanku ya kafa tanti gindin tsamiyar can. Kafin azahar matan Fulani sun cika wurin da ƙoren nono, wata ta kwance mani goyon ta goya shi da kanta. Ba wanda ya san mu, ba wanda munka sani."

"Ba ku ji tsoro ba?"

"Tsoron mi? Kunama. Ita ce kawai babanku ke kakkaɓe takalmi dominta."

Wata mata da ke zaune a bayansu ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah ya maido mana da wannan zamani." Duk motar aka amsa da amin, har direba.

Sun shiga Shinkafi rana ta kusa tsaka. Kasuwa tana ci, amma Hajiya ta ce ko rabin wadda ta sani ba ta kai ba. Ba ta tsaya kallo ba. Ta ratsa layin masu gishiri da kanwa, ta bi bayan tasha, Kamilu yana biye da ita, har wata rumfa da aka tara tamfol a gabanta tuli-tuli. Cikin rumfar wani tsoho siriri mai farar ƙasumba yana taka baƙin keken ɗinki, tabarau ɗaure da zare a kansa. Shi ne Hamisu, ɗan gwaggon Hajiya, wato taubashinta. Tun yana saurayi yake ɗinkin tamfol na manyan motoci da rumfunan biki.

Ya ɗago kai, ya sauke tabarau, ya sake mayarwa.

"Yau wace rana, baiwata ta tuna da ubangidanta?"

"Bawa dai ba ya rasa baki," in ji Hajiya. "Ashe har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina zan mutu in bar ki ba mai ba ki umurni?"

Suka yi dariya. Hamisu ya tashi ya shimfiɗa mata buzunsa. Ya yi mata gaisuwar Malam Abdulhamid, wadda sai ta waya ya samu yi lokacin rasuwar, don makon nan ba mota ko guda da ta fita garin. Suka shafa fatiha. Ta tambayi mutane ɗaya bayan ɗaya, yana cewa wane ya rasu, wane ya koma Sakkwato, wance tana nan sai dai ido ya tafi. Kamilu ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya faɗi abin da ya kawo su.

"Dauran?" in ji Hamisu. "Allah sarki. Ɗan Mai Rijiya zai koma Dauran."

Ya sa Kamilu ya jawo ɗauri uku daga ƙuryar rumfar, suka warware su a filin da ke baya.

Na farko farin tamfol ne na roba, irin wanda ake raba wa mutanen da suka baro gidajensu. Kamilu ya ɗaga ya ji ba nauyi, ya ce ai wannan ko ɗigon ruwa ba zai ratsa shi ba. Hajiya ta kama gefensa ta kai bakinta ta hura da ƙarfi, ta sa tafin hannu ta ɗaya ɓangaren.

"Ka gani? Numfashi bai wuce ba. Abin da iska ba ta ratsawa zufarku zai tara, da asuba ta riƙa ɗigo muku a ka. Kuma in iska ta kaɗa shi ƙararsa ba ta barin mutum ya runtsa."

Na biyu tsohon tantin soja ne, kore, mai kaurin fatar sa. Da ƙyar su biyu suka juya shi. Hajiya ta sa suka ɗaga shi sama tsakaninta da rana, ta shiga ƙarƙashi ta ɗaga kai. Haske ya zubo ta ƙananan huji ba iyaka.

"Wanga ya yi zamaninsa," in ji ta. "Mun yi tsufa tare."

"Ke dai kin fi shi huji," in ji Hamisu.

Na uku yadin auduga ne mai kauri, launin ƙasa. Hamisu ya ɗinka shi ne da hannunsa, su biyu, ɗinki iri ɗaya, saboda 'yan kasuwar kudu masu sauka a fadama lokacin albasa, sai suka daina zuwa. Hajiya ta hura, ta ji iska a tafinta. Ta ce a miƙo mata buta. Ta sa Kamilu ya riƙe yadin ya yi ɗan kwari, ta tsiyaya ruwa a kai. Ruwan ya tsaya, bayan yadin ya yi duhu ya yi sanyi, amma bai ɗiga ba.

"Auduga in ta jiƙe zarenta kumbura yake ya toshe kansa," in ji ta. "Da rana ta bar ka ka sha iska, da ruwa ta rufe. Abu guda, in ana ruwa kada wanda ya jingina da bango ko ya taɓa rufin. Inda hannu ya taɓa nan za ta fara zuba."

Ta bi ɗinkin da farce tun daga wannan kusurwa har waccan, ta ga layi biyu ne, kusurwoyin kuma an dafa musu fata inda igiya ke shiga. Ta ja da ƙarfinta. Hamisu ya naɗe hannu yana kallonta.

"Shekara hamsin ina ɗinki, yau baiwa ke duba mani aiki."

"Ido ya tsufa, dole a duba."

Suka kafa shi da gwafa biyu da doguwar sanda a sama. Kamilu ya shiga ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannuwa kamar mai kabbara, bai taɓa rufi ba. Ya auna da ƙafa: shimfiɗa uku, da sauran wurin da buhu ashirin za su zauna. Hamisu ya kawo turakun ƙarfe, Hajiya ta ture su.

"Ƙasar Dauran jigawa ce. Ƙarfe zamewa yake cikin rairayi kamar allura cikin tuwo. Ba shi na itace, dogaye, kamu biyu-biyu, ya kafa su a karkace. Kuma Auta, ka juya wa gabas baya, don daga can hadari ke zuwa. Ƙofa ta dubi yamma. Ka yi ɗan rami ka kewaye shi tun ranar farko, kada ka ce sai ka ga gajimare. Siminti a kan katako, ba a ƙasa ba."

Kamilu ya ciro waya yana rubutawa. Tun yana yaro yake jin mutane na cewa ubansa ya san ƙasa, bai taɓa jin an ce uwarsa ta san wani abu da ya wuce girki da renon jikoki ba.

Hamisu ya ce, "Ɗan'uwansa na nan, fari. Ya fi wanga sanyi da rana." Ya jawo gefen wani ɗauri, farin yadi ya bayyana.

Hajiya ta ɗora hannu a kai ta bar shi nan.

"Namu fari ne," in ji ta a hankali. "Tun daga nesa ake hango shi. Da mun kafa sai ka ji yara na gudu cikin gari suna cewa masu rijiya sun sauka. Kafin in hura wuta an kawo fura, an kawo itace, wani ya riƙo kaza. Babanku ya kan ce a kafa shi kan tudu don kowa ya san inda muke."

"Wancan lokacin ke nan, Fatimatu," in ji Hamisu. Wannan karon bai ce baiwa ba. "Yanzu ɗaukar masa mai launin ƙasa. Kuma ya kafa shi jikin katanga."

Ta janye hannunta. "Na sani," in ji ta.

Ta sake kewaya tantin da aka kafa, tana duban bangayensa, sai ta tsaya.

"To ina tagar?"

"Wace taga?"

"Tagar tanti mana. Ƙarama, nan ƙasa-ƙasa, daidai fuskar wanda ke zaune, da marfinta. Ko tsufa ya sa ka fara ha'inci?"

Hamisu ya dube ta. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Ke duk zamanki kin ɗauka haka ake yin tanti?"

"Da yaya ake yin shi?"

"Na ɗinka tanti ya fi ɗari. Guda ɗaya tak na taɓa yi wa taga a ƙasa." Ya zauna kan ɗaurin tamfol. "Mijinki ya zo nan ranar wata Alhamis, saura mako ku tafi Birnin Tsaba. Ya ce tantin gwamnati na gardawa ne, shi nasa yake so. Ya zo da karan dawa a hannu. Na ce wanga fa? Ya ce tsawon zamanki ne. Wai inda kike jingina a ɗaki ya lura, da kin fita ya auna bangon. Ya ce in yanka taga daidai kan karan."

Hajiya ta dafa gwafar tantin, Hamisu ya ci gaba.

"Na ce masa taga a ƙasa ruwa take sha. Ya ce in yi mata marfi. Ya ce matarsa 'yar bakin kasuwa ce, ta saba da ganin mutane, shi kuwa in ya shiga rami da safe ba ya fitowa sai azahar. Ba ya so ki zauna cikin yadi kamar kaza a akurki. Ya ce kullum zai kafa shi yadda tagar za ta dubi bakin rijiya."

"Bai taɓa gaya mani ba."

"Ni ma ya ce kada in gaya maki."

"Don mi?"

"Kunya. Ke kin san mutuminki."

Ta san shi. Mutum ne da bai iya magana mai daɗi ba. In ya ji daɗin tuwo sai dai ya ce a ƙaro. Shekara talatin da takwas suka yi tare, ba ta tuna ranar da ya yaba mata ko da ɗinkin zane ba. Ta tuna zamanta bakin tagar nan tana tankaɗe ko tana ba yaro nono, idonta kan igiyar da ke shiga rami. Muddin igiya na motsi ta san lafiya yake. Ta nan take ganin bokitin ƙasa na fitowa, ja da farko, sannan fara, sannan baƙa mai danshi, ita ce ke riga kowa sanin ruwa ya kusa. Duk garin da suka sauka tagar bakin rijiya take kallo, ita kuwa ta ɗauka dacewa ce.

Ta juya musu baya, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta tsaya tana duban motocin da ake wa lodi a tasha. Kamilu ya sunkuyar da kai. Bai taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da aka fita da gawar ubansa.

Can Hamisu ya yi gyaran murya. "To, a yanka wa wanga irinta?"

Ta share fuska ta juyo. "A'a. Shi ba kowa zai bari ciki ba. Yanka masa biyu a sama, gaba da baya, ka sa musu gidan sauro, zafi ya samu hanyar fita."

Hamisu ya hau keke. Kafin ya gama sun yi azahar, an kawo musu fura daga gidansa. Hajiya ta so ta leƙa gidan da aka haife ta, amma yaran mota sun fara kiran Ƙaura, Ƙaura, kuma kowa ya san motar ƙarfe biyu ita ce ta ƙarshe. Ba ta je ba. Aka naɗe tantin, aka ɗaure da turakunsa, Kamilu ya sallami kawunsa, suka ɗora a kan mota. Hamisu ya rako su har bakin ƙofar motar yana ɗingishi. Ya dafa ƙofar, ya aje tsokana gefe.

"Allah ya sa da rabon a sake ganawa," in ji shi.

"Amin, Yaya," in ji ta.

Ranar Asabar Kamilu ya tafi Dauran da abokan aikinsa, Sule da Rilwanu. Sai ya hau kan tulin bulo a kusurwar makaranta yake samun layi, don haka ba kullum yake kira ba. In ya kira Nazifa ta kan sa wayar a tsakiya su ji tare. Hajiya ba ta tambayar ko ya ci abinci, ta bar wa matarsa wannan. Ita tambayarta zurfin gaba nawa aka kai, kuma wace irin ƙasa ke fitowa.

Kwana na tara da la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. A Ƙaura iskar ta karya reshen darbejiyar gidan, ta yi gaba da kwanukan wanke-wanke. Hajiya ta zauna bakin ƙofar ɗakinta da carbi har ruwan ya ɗauke. Sai washegari da hantsi Kamilu ya samu layi.

"Inna, iska ta yaye kwanon aji guda na makarantar. Tanti na nan tsaye. Turke ɗaya ya tumɓuke, Sule ya fita cikin ruwan ya mayar."

"Siminti fa?"

"Ko buhu ɗaya bai jiƙe ba. Amma mun yi baƙi. Matan da suka baro ƙauyuka, masu kwana cikin ajin, da yaransu duk nan suka shigo. Mu goma sha bakwai. Ina ta faɗin kada a taɓa rufi, kada a taɓa rufi, har wata ta ce ko tantin na da aljanu ne."

Hajiya ta yi dariya har da tari.

Daga nan aikin ya yi tsauri. A gaba tara suka tarar da dutse, suka yi kwana shida suna sara da kurfi da guduma, hannun Rilwanu ya fashe. Sau biyu kuma aka ji labari maras daɗi daga yamma da gari, kowa ya shige gida tun azahar, aiki ya tsaya. Kamilu ya kira ya ce Sule na maganar su tattara su dawo. Hajiya ta ce ba za ta ce masa zauna ba, ba za ta ce taho ba, ya tambayi mutanen garin, abin da suka yi shi zai yi. Mutanen garin ba su tashi ba, su ma suka zauna. Ranar kwana ashirin da shida, da walaha, ƙasa baƙa ta fara fitowa cikin bokiti, kafin azahar ruwa ya kai wa Kamilu gwiwa.

Ya dawo Ƙaura bayan kwana biyar, ya rame ya yi baƙi, da tanti a kan mota da ƙaramar jarka a hannu. Bayan an gaisa ya tsiyaya ruwan jarkar a moɗa ya miƙa wa uwarsa. Ta yi bisimilla ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Da ɗan kanwa-kanwa," in ji ta. "Sabuwa ce. In an yi wata ana ja za ta washe. Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka."

Sannan Kamilu ya ciro wani ƙulli daga aljihun jakarsa.

"Wata tsohuwa ta ba ni in kawo maki. Hussaina sunanta, gidanta na kusa da masallacin unguwar. Kullum sai ta zo ta zauna tana kallon aiki. Rannan ta tambaye ni ɗan wane ne ni. Da na faɗa sai ta riƙe baki ta ce, kai ɗan amaryar masu rijiya ne?"

Hajiya ta aje moɗar. "Hussaina mai tsaga uku a kumatu? Tana da rai?"

"Tana nan, da sanda take tafiya. Ta ce in gaya maki kitson da kika koya mata shi ta yi wa 'ya'yanta duka ranar aurensu, har jikoki. Ta ce kuma har yau ba ta yafe maki barkonon da kika zuba mata a miya ba."

"Ƙarya take, ita ta ce in ƙara!" Hajiya ta buga cinya tana dariya. "Allah sarki, Hussaina. Tare munka yi goyo. Ita ke riƙe mani yaro in za ni wanka."

Ta kwance ƙullin. Daddawa ce, manya-manya guda biyar, naɗe cikin ganye. Ta kai ɗaya hanci ta shaƙa, ta lumshe ido, ta jima a haka. Sannan ta miƙa wa Nazifa guda biyu.

"Sa mana a miyar yau. Sauran ki adana mani su inda ɓera ba zai kai ba."